Yadda Mahaifa Ke Shirin Karɓar Ciki

Manomin ƙasar Daura, a Mai'aduwa yake ko Zango ko Baure, ya san kyawun iri kaɗai ba ya kawo amfanin gona, sai ƙasa ta sha ruwa. Haka lamarin yake tsakanin ɗan tayi da mahaifa, sai dai geron da aka yi binne yana iya jiran ruwan sama, ɗan tayin mutum kuwa ba ya jira. In ya iso bai tarar an shirya masa ba, wucewa zai yi, matar ma ba ta san an yi ba.

Kwanakin karɓa

Ga macen da al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, ƙwai yakan fito wajen rana ta 14 daga fara al'ada. In ya haɗu da maniyyi a bututun ƙwai, sai ya riƙa rarrabuwa yana gangarowa, ya isa mahaifa cikin 'yan kwanaki. Amma bangon mahaifa ba kullum yake karɓar baƙo ba. Damar takan samu ne daga wajen rana ta 20 zuwa ta 24, daga nan ta wuce.

Wa ke ba da umarni?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 20,000, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba. Kafin fitar ƙwai, sinadarin estirojin yana sa bangon mahaifa ya yi kauri. Bayan fitarsa sai furojestaron ya karɓi ragama: ya tayar da ɗaruruwan ƙwayoyin gado, ya kwantar da wasu. Nan take bangon zai daina ƙara kauri, ya fara fitar da abinci mai sukari, jijiyoyin jininsa su yalwata, garkuwar jiki kuma ta sassauta don kada ta far wa ɗan tayin da rabin gadonsa na uba ne.

Cikin ƙwayoyin gadon da ke tashi akwai wata mai suna LIF. A 1992 masana suka cire ta daga jikin ɓeraye mata. Ƙwansu ya haɗu da maniyyi lafiya lau, amma ya kasa mannewa a bangon mahaifa. Da aka ɗauke 'yan tayin aka sa a mahaifar lafiyayyun ɓeraye, sai suka kama. Ashe cikas ɗin daga masauki yake. Wata kuma ita ce HOXA10, wadda aikinta ke ƙaruwa daidai kwanakin karɓa. An gano yana raguwa ga wasu mata masu ƙari a mahaifa, da waɗanda bututunsu ya toshe ya tara ruwa, abin da ciwon sanyin da ba a yi wa magani ba kan haddasa.

Amfanin wannan sani

Tun da aka haifi jaririyar farko ta hanyar dashen ciki a Ingila a 1978, likitoci ke neman sanin ranar da ta fi dacewa a mayar da ɗan tayi. A 2011 masana a Sifen suka fito da gwaji mai duba ƙwayoyin gado 238 a bangon mahaifa, amma binciken da ya biyo baya bai nuna yana ƙara haihuwa ga galibin mata ba.

A gidajenmu, da zarar amarya ta daɗe shiru sai a fara kiranta juya, dangin miji su kawo zancen kishiya. Alhali jinkirin yana iya zama daga maniyyi, ko ƙwai, ko bututu, ko shirin mahaifa, kuma da yawansu suna da magani. Shi ya sa likitoci ke cewa in an shekara ana tare babu labari, miji da mata su je asibiti tare, a duba su duka biyun.