Ku Buɗe Bakin Sa Kafin Ku Biya Kuɗi

'Yan'uwa manoma, in muka buɗe bakin saniya za mu ga ba ta da haƙoran gaba a sama ko ɗaya. Ba cuta ba ce, haka tumaki da awaki ma suke. A ƙasa akwai haƙora 8 masu faɗi, a sama kuwa sai dasashi mai tauri. Saniya takan naɗe ciyawa da harshe, ta danne ta tsakanin haƙoran nan da dasashin, sa'an nan ta fizge. Shi ya sa gajeriyar ciyawa ba ta ƙosar da ita. Tunkiya kuwa, da yake leɓenta na sama a tsage yake, tana iya ci har gab da ƙasa.

Babban aikin yana can ciki, wurin turame, watau haƙoran tauna, su 24. Ku lura da saniya sa'ad da ta kwanta tana tuƙa. Muƙamuƙinta na ƙasa yana tafiya gefe da gefe, turamen suna goga juna kamar dutsen niƙa da ɗansa. Ciyawa ba ta narkewa sai an niƙe ta sarai, don haka takan haɗiye da gaggawa a daji, ta komo da ita baki daga baya ta sāke taunawa. Jaki ba ya tuƙa. Yana da haƙoran gaba sama da ƙasa, tauna ɗaya yake yi.

Amma dutsen niƙa ma yana cinyewa. Ƙaiƙayin ciyawa da yashin da dabba ke kwasowa da rani suna goge haƙora a hankali. Tsohon sa mai guntayen haƙora zai rame ko da an cika masa gaba da kara, gama ba ya iya niƙa shi. Irin wannan sai dusa da harawa mai laushi.

To, ga inda abin ya shafi kuɗin ƙungiya. Sa yakan fara famfara wajen shekara 2, manyan haƙora biyu su fito a tsakiya. Suna ƙaruwa biyu biyu har su cika 8 wajen shekara 4 zuwa 5. Dillali yana iya rage wa sa shekaru da baki, mun sha ji. In za ku sayi shanun huɗa da bashi, ku nemi mai manyan haƙora 4, wanda zai daɗe yana jan garma. Wanda haƙoransa suka guntule, suka yi giɓi, ku bar wa mahauci, kome kyan tozonsa.