Tsohuwar Akori-Kurar Gidanmu

'Yan'uwana mata, in kun taɓa bi ta kasuwar Kawo ran Talata, watakila kun ga wata farar akori-kura Fijo 404 shaƙe da buhunan masara. To, tamu ce. A Faransa aka fara ƙera 404 cikin 1960, daga baya aka riƙa harhaɗa ta nan tsallaken kogi, a masana'antar Kakuri da aka buɗe cikin 1975. Can kakana ya sayo ta sabuwa fil.

Da Allah ya yi masa rasuwa, magada suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin. Kakata ta ce sam, a sa ta cikin rabonta. Aka yi ta yi mata dariya. Ga shi kuwa kuɗin dakon motar nan ne ya kai ni makarantar horon malamai.

Asirin ba wuya. Kullum da safe direba ya duba baƙin mai da ruwa a gaban tsohuwa. Kome aka samo kuma, a ware na gyara da na sayen kaya a Panteka tukuna.

Ke mai karatu, haka kike riƙon keken ɗinkinki? Da tsohuwar zuma ake magani.