Ƙarin Baƙi Don Cike Giɓin Ƙwararru: Darasin Da Ke Cikin Lissafin Kanada

A ranar 1 ga watan Nuwamba na shekarar 2022, gwamnatin ƙasar Kanada ta ba da sanarwar da ta ja hankalin masu neman aiki a sassa da dama na duniya. Ministan shige da fice na lokacin, Mista Sean Fraser, ya bayyana cewa ƙasar za ta bai wa baƙi 465,000 iznin zaman dindindin a 2023, sai 485,000 a 2024, sa'an nan rabin miliyan cif a 2025. Dalilin da aka bayar shi ne asibitoci da masana'antu da kamfanonin gine-gine suna neman ma'aikata ruwa a jallo.

Ba a cika shekara biyu ba, sai ita dai wannan gwamnati ta janye jiki. A ranar 24 ga watan Oktoba na 2024 aka zabtare adadin na 2025 zuwa 395,000, aka kuma tsara ci gaba da rage shi a shekarun da ke biye. Firayim Ministan lokacin, Mista Justin Trudeau, ya amsa da bakinsa cewa ba su daidaita ma'aunin yadda ya kamata ba.

Abin da ya wakana tsakanin waɗannan sanarwoyi biyu ya cancanci nazarin duk wani mai kamfani ko masana'anta a ƙasar nan, domin kuwa Nijeriya na cikin rijiyoyin da aka ɗebo wannan ruwa. A shekarar 2022 kaɗai, 'yan Nijeriya fiye da 22,000 suka sami iznin zaman dindindin a Kanada, abin da ya sa ƙasar ta zo ta huɗu, bayan Indiya da Sin da Afganistan.

Dalilin buɗe ƙofa

Ruwa ba ya tsami banza. Al'ummar Kanada tsufa take yi, haihuwa kuma ta yi ƙaranci. A 2023, idan aka yi raba-daidai, abin da kowace mace ke haifa bai kai ɗa ɗaya da rabi ba, alhali sai an ɗan haura biyu kafin jama'a ta iya maye gurbin kanta. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda ke cikin shekarun aiki yana tsakanin shekara 55 da 64, wato yana dab da ajiye aiki.

Ma'anar wannan a fannin tattalin arziki a fili take. Masu biyan haraji suna raguwa, masu karɓar fansho da masu bukatar asibiti suna ƙaruwa. Da annobar korona ta lafa, kasuwanni suka buɗe a lokaci guda, sai guraben aikin da aka rasa masu cike su suka doshi miliyan ɗaya a tsakiyar 2022, rashin aikin yi kuma ya sauko zuwa wajen kashi 5 cikin ɗari.

Ita dai Kanada ba baƙuwa ba ce a harkar tace baƙi. Tun 1967 ta fito da tsarin ba da maki, inda ake auna mai son shiga bisa ilminsa da shekarunsa da sana'arsa da iya Turanci ko Faransanci. A 2015 aka mayar da tsarin kan kwamfuta da sunan Express Entry, a 2023 kuma aka fara ware wasu fannoni na musamman, kamar kiwon lafiya da kimiyya da fasaha da sana'o'in hannu da sufuri da noma.

Inda gizo ya yi saƙa

Jama'a kam sun amsa kira. Yawan mutanen ƙasar ya ƙaru da fiye da miliyan ɗaya a 2022, ya kai miliyan 40 a watan Yuni na 2023. A wannan shekara ta 2023 ƙaruwar ta kai kashi 3.2 cikin ɗari, irin wadda ba a gani ba tun 1957, kuma kusan dukkanta daga baƙi ta fito.

To amma masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Matsala ta farko ita ce mafi yawan wannan ƙaruwa ba ta bi ta ƙofar tace ƙwararru ba. Ɗalibai da ma'aikatan wucin-gadi ne suka kwararo, har yawan masu zaman wucin-gadi ya kai kimanin miliyan uku a 2024. Kwalejoji da dama sun mayar da kuɗin makarantar ɗaliban waje abin dogaronsu, shaguna da gidajen abinci kuma suka sami ma'aikata masu araha.

Matsala ta biyu ita ce ta lasisi. Gwamnatin tarayya ce ke ba baƙo iznin shiga, amma hukumomin sana'o'i na larduna su ne ke ba likita ko injiniya iznin yin aiki. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa cikin baƙin da suka karanta aikin likita a waje, kimanin kashi 41 cikin ɗari ne kawai ke aikin likita. A wajen masu digirin aikin jinya kuwa, adadin bai kai kashi 40 ba. Haka nan fiye da rubu'in baƙin da suka zo da digiri daga waje suna yin ayyukan da takardar sakandare ta ishe su. Ga asibiti yana kukan rashin ma'aikata, ga kuma ma'aikacin da aka ɗauko dominsa yana jiran jarrabawa.

Matsala ta uku ita ce muhalli. Baƙon da ya zo cike gurbi shi ma mai bukata ne: zai nemi ɗakin kwana, da makarantar 'ya'yansa, da likitan da zai duba shi. Tun a 2022 hukumar kula da gidaje ta ƙasar ta yi ƙiyasin cewa ana bukatar ƙarin gidaje miliyan uku da rabi kafin 2030, bayan waɗanda ake sa ran ginawa. A 2023 gidajen hayar da ke zaune babu kowa sun ragu zuwa kashi 1.5 cikin ɗari, kuɗin haya kuma ya tashi da kashi 8. Jirgi ɗaya kan sauke ɗaruruwan mutane cikin sa'a guda, amma bene ɗaya kan ci shekaru kafin a kammala shi.

Kafin ƙarshen 2024 rashin aikin yi ya haura kashi 6 da rabi cikin ɗari, kuma matasa da sababbin baƙi ne suka fi ji a jika. Tun a watan Janairun shekarar gwamnati ta ƙayyade yawan takardun iznin karatu, ta kuma ninka kuɗin da ake so ɗalibi ya nuna yana da su, daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635.

Ba Kanada kaɗai ta bi wannan hanya ba. Birtaniya ta buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi a 2022, ta hana su zuwa da iyalansu a watan Maris na 2024, sa'an nan ta rufe ɗaukar su daga waje a 2025. Ita kuwa Jamus, a watan Yuni na 2024 ta fito da katin da ke bai wa ƙwararre damar shiga ya nemi aiki har tsawon shekara guda.

Wa ke biyan kuɗin horo?

Kowane ƙwararre da ya sauka a Toronto, akwai wata ƙasa da ta raine shi. A watan Maris na 2024, Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce Nijeriya ta yi asarar likitoci kimanin 16,000 cikin shekara biyar, kuma waɗanda suka rage masu lasisi ba su wuce 55,000 ba. A watan Fabrairun wannan shekara, Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta ce ma'aikatan jinya 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ta nemi a daina zawarcin ma'aikatan lafiyarsu, sai dai wannan bai hana mutum neman aiki da kansa ba.

Masu goyon bayan tafiyar sukan kafa hujja da kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aikowa gida, wanda ya kai kimanin dala miliyan dubu 20 a shekara. Babu shakka kuɗi ne mai kauri, yana kuma tallafa wa darajar naira. Amma akasarinsa a cefane da kuɗin makaranta da gina gida yake ƙarewa. Ba ya yi wa majinyaci tiyata, ba ya kuma tayar da injin da ya tsaya a Sharaɗa ko Ikeja.

Tilas kuma ba ta tsayar da mai tafiya. A 2023 an gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai na hana sababbin likitoci cikakken lasisi sai sun yi aikin shekara biyar a gida, ya kuma gamu da suka mai zafi daga ƙungiyoyin likitoci. Tushen abin shi ne giɓin albashi. Dala da ake saye kimanin naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, don haka albashin ƙwararre, idan aka auna shi da kuɗin waje, ya zube ba tare da an taɓa ko kwabo a cikinsa ba.

Idan za a iya tunawa, ita ma Nijeriya ta taɓa zama a kujerar Kanada. A zamanin bunƙasar man fetur na shekarun 1970, malamai da masu sana'a daga Gana da sauran maƙwabta sun cika makarantu da wuraren gine-gine. Da farashin mai ya faɗi, a watan Janairu na 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su fice, mutane fiye da miliyan ɗaya suka kama hanya. Har yanzu kuma 'yan kwangilar gini a Legas da Abuja sukan nemi magina da masu ɗaura tayil daga Togo da Binin. A watan Fabrairu na 2024 gwamnati ta ƙaddamar da harajin ɗaukar ma'aikatan waje, dala 15,000 ga darakta, 10,000 ga sauran, amma aka dakatar da shi a watan Maris bayan koken 'yan kasuwa.

Abin lura ga 'yan kasuwa

Na farko, farashin ƙwararre ya daina zama abin da ake yankewa a kasuwar gida kaɗai. Mai asibiti a Kaduna ko mai banki a Kano yana gogayya ne da masu ɗaukar aiki na Otawa da Landan, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda ba zai iya biyan albashinsu ba, zai iya riƙe ma'aikaci da abin da su ba su da shi a sauƙaƙe: muhalli, da ƙarin girma a kan lokaci, da rabo daga ribar kamfani.

Na biyu, horar da ma'aikata ya kamata ya shiga kasafin kowace shekara, kuma kada a bar wata muhimmiyar sana'a a hannun mutum ɗaya. Kamfanonin da doka ta shafa suna biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashinsu ga Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971, kuma suna iya karɓo har rabin kuɗin idan suka nuna shaidar horon da suka gudanar.

Na uku, magidancin da ke shirin sayar da fili ko kanti don tura ɗa waje, ya binciki ƙa'idojin lasisi na lardin da za a je da kuɗin hayar garin kafin ya sa hannu. Ƙofar da gwamnati ta buɗe da sanarwa ɗaya, tana iya turo ta da sanarwa ɗaya.

Ragin da Kanada ta yi bai mayar da tsofaffinta matasa ba. A shirin da ta fitar a watan Nuwamba na 2025 ta tsayar da adadin a kan 380,000 kowace shekara daga 2026 zuwa 2028, inda masu shigowa ta hanyar sana'a da aiki ke da kaso mafi tsoka. Wato ta rage yawa ne, ta ƙara tacewa, kuma likita da ma'aikaciyar jinya da ƙwararren mai aikin lantarki suna cikin waɗanda rariyar za ta riƙe. Su ne kuma waɗanda masana'antu da asibitocin ƙasar nan suka fi wahalar maye gurbinsu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.