Kafin ka ƙara wa Hilux ƙarfi, duba hanyar da mai ke bi

 Ga rubutun kashi na wannan mako, domin waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Yau maganar mota za mu yi, amma a gaskiya maganar jari ce. Duk wanda ke bin titin Sakkwato zuwa Boɗinga, Shagari har Tambuwal ya san yadda akori-kura ke riƙe da mutane: ita ke ɗaukar albasa, ita ke ɗaukar gero da taki, wani lokacin ita ce motar asibiti idan dare ya yi a ƙauye. To yanzu wani yayi ya shigo. Matasa na kallon bidiyon motocin Amurka da Tailan a TikTok, ana taka totur baƙin hayaƙi na tashi, sai kowa ya ce shi ma a "buɗe" masa injin.

Wani abokina daga nan wajen Horo Birni, shi da yayansa suka haɗa kuɗi suka sayi Hilux mai shan gas 'yar Kwatano. Aka ce masa akwai wanda zai taɓa ƙwaƙwalwar motar ta riƙa hawa da lodi kamar ba komai. Aka taɓa. Ta yi ƙarfi kuwa, na ɗan lokaci. Daga baya ta fara wahalar tashi da safe, ta fara hayaƙi, ƙarshe ta kwanta a gareji lokacin da ake tsakiyar kwasar albasa. Da aka buɗe, nozul sun lalace, fistin ɗaya ya tsage. Ba wanda ya duba filtar mai kafin a yi aikin.

Bari mu fara da turbo. Injin wuta ne ke motsa shi, wuta kuwa sai da iska da mai. Turbo wata fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta danna ƙarin iska cikin injin. Kamar zugazugin maƙeri ne. Idan iska ta ƙaru, injin zai iya ƙona mai da yawa, ƙarfi ya ƙaru. Ke nan ƙarfin daga mai yake fitowa, turbo hanya kawai ya buɗe. Shi ya sa duk wanda ya ƙara iska bai gyara hanyar mai ba, rabin aiki ya yi.

A Hilux mai gas ta zamani, irin mai injin 2.5 da ake rubuta wa D-4D, ko mai 2.4 da 2.8 da Toyota ta fito da su a 2015, tafiyar mai haka take: daga tanki ya bi tiyo zuwa filta, daga filta zuwa babban famfo, famfon ya matse shi cikin wani bututun ƙarfe guda da dukkan nozul ke sha daga ciki, sannan ƙwaƙwalwar motar ta ba kowace nozul umarnin lokacin fesawa da yawan abin da za ta fesa. Matsin da ke cikin bututun nan yakan wuce bar 1,500, a sababbin ma ya haura 2,000. Tayar motarka bar 2 zuwa 3 kawai take ɗauka. Ka kwatanta.

A irin wannan matsin, ƙurar da ido ba ya gani tana cin ƙarfe kamar yashi. Ruwa kuma ya fi ƙura ɓarna, domin gas ɗin da kansa shi ne maiƙon da ke hana famfo da nozul gogewa. Idan ruwa ya shiga, ko aka gauraya gas da kananzir, maiƙon ya ragu, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ɓurɓushin da famfo ya zubar kuwa nozul zai tafi.

Nan ne matsalarmu ta bambanta da ta mai bidiyo a Amurka. Mu sau da yawa a jarka muke sayen mai a bakin titi, jarkar da ta kwana a buɗe cikin ƙurar hunturu. Ko gidan mai ma ba a cika tsira ba. Kun tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Ga kuma zafin Sakkwato na Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Iska mai zafi ba ta da nauyi, kuma injin da aka ƙara wa wuta ya fi saurin ɗaukar zafi.

To idan mutum ya nace sai ya ƙara ƙarfi, da me zai fara?

Na farko, tsaftar mai. A wanke tanki, a sa filta ta asali, a ƙara ta biyu mai raba ruwa da gas. Wannan shi ne gyara mafi arha kuma mafi amfani. Hilux tana da fitilar da ke kamawa idan ruwa ya taru a ƙasan filta. Idan ta kama, a tsaya a zubar, kada a liƙa mata baƙin salatif.

Na biyu, awo. A sa kwamfuta a ga matsin da ƙwaƙwalwar ke nema da wanda famfon ke bayarwa lokacin da motar ke jan kaya. Idan famfon ya kasa cika abin da ake nema tun yanzu, ƙara masa aiki kashe shi ne.

Na uku, nozul. A gwada su a kan na'ura. Kuma kowace sabuwar nozul ta irin wannan injin tana zuwa da lambarta, wadda dole a shigar wa ƙwaƙwalwar motar. Wanda ya ɗaura bai shigar ba, motar za ta riƙa karkarwa ya rasa dalili.

Sai a ƙarshe a taɓa ƙwaƙwalwa, kaɗan-kaɗan, tare da agogon auna zafin hayaƙi. A injin gas, mai idan ya fi iska yawa sai baƙin hayaƙi da zafin da ke narkar da fistin. Hayaƙin da ake yi wa tafi a bidiyo, kuɗinka ne ke fita ta salansa bai ƙone ba.

Mai Hilux ta fetur 2.7, wadda ta fi yawa a motocin gwamnati da ƙungiyoyi, naka lissafin daban ne. Wannan injin bai zo da turbo ba. Fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, kuma a ƙarƙashin turbo sai an ƙara man fiye da haka. Idan mai ya gaza, injin ya fara ƙwanƙwasa, fistin ya tafi. Sai an sauya famfon cikin tanki da nozul, an sake tsara ƙwaƙwalwa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san abin da lita take ci. Ka yi lissafi da kyau.

Kar kuma a manta, ƙarfi ya ƙaru amma birki da kuloci da taya suna nan yadda suke, ga mutane zaune a kan lodi.

Roƙona biyu ne. Wanda aka sayar wa gurɓataccen mai ya riƙe rasit, ya ajiye kaɗan a kwalba, ya kai ƙara hukumar NMDPRA, aikinta ne. Shugabannin ƙananan hukumominmu kuma su taimaka a tura yaran gareji koyon aikin kwamfutar mota, don kada kowace matsalar nozul ta zama sai an ja mota zuwa birni.

Kanikawa da direbobi, ku faɗa mana abin da kuka gani a wajen aiki, za mu karanta a kashi na gaba. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a sana'a. Wassalamu alaikum.