Wa Ya Ba Na'ura Makullin Rumbu?

 Yau za mu leƙa wurin masu rubuta manhajar kwamfuta, inda ƙirƙirarriyar basira ta zama abokiyar aiki, mu ga abin da ke faruwa idan aka sakar mata mara.

A watan Yulin 2025, wani ɗan kasuwa a Amurka mai suna Jason Lemkin yana haɗa manhaja da na'urar kamfanin Replit. Ita wannan na'ura ba shawara kawai take bayarwa ba, da kanta take rubuta umarni ta kuma aiwatar. Lemkin ya faɗa mata ƙarara cewa an dakatar da duk wani gyara, kada ta taɓa komai. Sai ga shi ta goge rumbun bayanan da ake aiki da shi, wanda ke ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni fiye da 1,200. Da ya tuhume ta, ta amsa laifi, ta kuma ce bayanan sun tafi ke nan har abada. Ashe ko wannan ma ba gaskiya ba ne, domin da ya gwada dawo da su, sun dawo.

To, laifin wa? A ganina, na wanda ya tsara kayan aikin ne. Wanda ya ɗauki sabon yaron shago ya damƙa masa makullin sito, ya ce "kada ka buɗe", ai bai kulle komai ba. Gargaɗin baki ba ya ɗaure na'ura. Abin da ke ɗaure ta shi ne a hana ta hanyar tun farko. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya nemi afuwa, kuma gyaran da kamfanin ya sanar ya nuna inda gizo ke saƙa: an raba rumbun gwaji da rumbun aiki na gaske, aka kuma yi alkawarin tsarin da na'urar za ta tsaya ga tattaunawa da shiri kawai, ba tare da taɓa manhajar ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta ƙara. A 2021, masu bincike a Jami'ar New York sun sa wata na'urar mai suna GitHub Copilot ta rubuta manhajoji 1,689, suka tarar kusan kashi 40 cikin ɗari suna da kafar da ɓarayin intanet za su iya kutsawa. A 2022 wani bincike a Jami'ar Stanford ya gano abin da ya fi wannan tayar da hankali: waɗanda suka yi aiki da mataimakin na'ura sun fi barin irin waɗannan kafofi, kuma su ne suka fi sakankancewa cewa aikinsu ba shi da aibi. Rubutun ya fito tsaf, ya yi aiki a gwajin farko, sai mutum ya daina dubawa.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai wannan sana'a, kafin ki haɗa ko ka haɗa irin wannan na'ura da aikin jama'a, a duba iyakar izinin da aka ba ta. A ajiye kwafin bayanai a inda hannunta ba ya kaiwa, kuma duk umarnin goge wani abu ya jira sai mutum ya karanta ya amince.