Shafen siminti bisa ginin ƙasa: a duba bango tun damana ba ta faɗi ba

Duk wanda ya zagaya unguwannin Tawa, ko ya bi garuruwan Adar kamar Kalfu da Barmu, zai ga gidaje da yawa waɗanda cikinsu tubalin ƙasa ne, wajensu kuwa shafen siminti. Tun da masana'antar Malbaza ta soma aiki a 1966, siminti ya zama alamar wadata. Ɗan cin rani in ya komo daga Abijan, sau da yawa da shi yake fara lulluɓe gidan mahaifinsa.

Amma fa ƙasa da siminti ba su jituwa. Ƙasa in ta sha laima sai ta kumbura, in rani ya yi ta tsuke, siminti kuwa ba ya bin ta. Ta haka tsaga take fitowa, siririya kamar zare. Ruwan Tawa ba shi da yawa, sai dai yakan zo da iska mai ƙarfi daga gabas, ya bugi bango, ya kurɗa ta tsagar. Da ya shiga ba shi da mafita, domin siminti ya hana bangon shan iska. Ƙasa ta jiƙe a ɓoye, ta saki, gara ta samu hanya, alhali maigida yana ganin bangonsa sumul. Ranar da shafen zai ɓalle, yakan tafi da rabin bango, wataƙila da dare, iyali na barci.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka akwai wani shafen zamani da ake haɗawa da roba, a shimfiɗa shi bisa allunan soso. A 1995, a birnin Wilmington, aka gano ɗaruruwan gidaje da katakonsu ya ruɓe a bayan wannan shafe, saboda ruwa ya shiga ta gefen tagogi ya rasa mafita. Dole aka sake fasalinsa, aka bar wa ruwa hanyar tsiyayewa.

To, ina dabara? Cikin watan Afrilu ko Mayu, maigida ya bi bangonsa yana ƙwanƙwasawa da sanda, musamman na gabas. Inda ya ji amo kamar na ganga, shafen ya rabu da ƙasa: a ɓamɓare shi duka, a bar wurin ya bushe, a cike ramin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Wanda ya nace sai siminti, to a fara kafa ragar waya da ƙusoshi, kada kwaɓin ya cika ƙarfi, a riƙa yayyafa masa ruwa ƴan kwanaki. Shafa fenti bisa tsaga yaudarar kai ce. A kuma tsawaita indararo, a yi wa gindin bango tudu don kada ruwa ya kwanta.

A ganinmu, yaɓen gargajiya bai cancanci rainin da ake yi masa ba. Masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962, ƙasa da ciyawa ne jikinsa, jama'ar gari ke sabunta yaɓensa, ya kuma samu kyautar Aga Khan a 1986. Wahalar yaɓe ita ce maimaitawa, amma in ya zaizaye ido yana gani, a gyara tun da wuri.