Rikiɗar Siffa a Bidiyo da Kufan Alƙalawa

Rikiɗar siffa dabara ce ta masu haɗa hoto mai motsi a kwamfuta. Ana sa abu ya tarwatse ya zama ƙananan ɗige-ɗige, sannan su sake taruwa su fito da wata kama dabam. Irin wannan bidiyo ne ke yawo a WhatsApp da TikTok a Isa da Sabon Birni da ke Jihar Sakkwato, a ga mutum ya zube ya zama rairayi ko ya koma kura, sai a ce layar zana ce ko aikin aljanu. A yankin da 'yan bindiga suka hana mutane barci, yarda da haka ƙara wa miyagu kwarjini ne a banza.

Aikin duk lissafi ne. Mai haɗawa yakan yayyafa dubban ɗige a jikin siffa ta farko, ya ba kowane ɗigo masauki a jikin ta biyu. Kwamfuta ce ke tsara hanyar da zai bi, a hoto 25 ko 30 cikin kowace daƙiƙa, a ƙara masa iska da nauyi don ya yi ta yawo kamar ƙurar hunturu. William Reeves na kamfanin Lucasfilm a Amurka ya yi amfani da tsarin ɗige-ɗigen a fim ɗin Star Trek II a 1982. Yau ana yin sa da After Effects, ko da Blender wadda kyauta ake saukarwa.

Abin takaici shi ne inda ba a kai fasahar ba. A ƙasar Sabon Birni, kusa da Gulbin Rima, kufan Alƙalawa yake, birnin da Sarkin Gobir Babari ya mayar hedkwata a ƙarni na 18. Nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki, nan kuma aka kashe Sarki Yunfa ranar da mayaƙan jihadi suka ci birnin a 1808. Yaran Gobir da yawa sunan kawai suka sani. Da wannan dabara za a iya nuna musu turɓaya tana tashi ta zama ganuwa da ƙofofi da fada, bisa abin da masana tarihi da dattawan masarauta suka tabbatar.

Hakan na buƙatar kwamfutoci masu ƙarfi, da wutar sola, da malamai. Lokaci ya yi da ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni da gwamnatin Jihar Sakkwato za su buɗe wa matasa ɗakin koyon wannan sana'a. Matashin da ya haɗa bidiyon da hannunsa ba a ruɗarsa da shi, kuma shi zai wayar da kan gidansu.